Filin Addini: Zikiri, Turken Zuciya

Kaka ta yi. An yanke hatsi, ana ɗaurin damma, ana kaiwa rumbu. Wake da gujiya suna nan cikin gonaki, ba a gama kwashewa ba. Makiyaya kuma sun fara gangarowa daga arewa da bisashensu, don tabkuna sun soma ƙafewa. Wannan lokacin murna ne. Amma kuma shi ne lokacin da zuciya ta fi saurin tashi. Mai bin bashi ya zo da tiyarsa. Mai gona yana kwana da ido ɗaya. Mai garke yana neman hanya, sai ya tarar an nome burtali.

Don haka filin addini na wannan wata zai yi magana a kan zikiri, da abin da yake yi wa zuciyar ɗan Adam.

Mene ne zikiri?

Zikiri kalmar Larabci ce. Ma'anarta tunawa da ambato. Wanda ya tuna Allah a zuciyarsa ya yi zikiri. Wanda ya ambaci sunansa da bakinsa ya yi zikiri. Faɗin Subhanallahi zikiri ne, shi ake kira tasbihi. Faɗin Alhamdu lillahi zikiri ne, shi ne hamdala. Faɗin Allahu Akbar shi ne kabbara. Faɗin La'ilaha illallahu shi ne hailala. Faɗin Astagfirullaha shi ne istigfari. Salatin Annabi da karatun Alƙur'ani duk suna ciki.

Alƙur'ani ya yi umurni da zikiri a wurare da yawa. A Suratul Ahzabi, aya ta 41 da ta 42, an umurci muminai su yawaita ambaton Allah, su tsarkake shi safe da maraice. A Suratul Baƙara, aya ta 152, Allah ya yi alkawarin tunawa da bawan da ya tuna shi. A Suratu Ali Imrana, aya ta 191, an yabi waɗanda suke tuna shi a tsaye, da zaune, da kwance.

Ibadar da ba ta cin kuɗi

Hajji yana son guzuri. Zakka sai mai dukiya ko mai amfanin gona da ya kai nisabi. Azumi yana da watansa. Salla tana da lokacinta, kuma sai da alwala. Zikiri kuwa ba ya son ko dala. Ana yin sa da alwala, ana yin sa ba alwala. Mace mai al'ada ko mai jego ta ajiye salla, amma ba ta ajiye zikiri ba. Wuri ɗaya ake kame baki, shi ne makewayi.

Manomi yana iya yin sa hauya tana hannunsa. Makiyayi yana iya yin sa a bayan garke. Mai jan ruwa yana iya yin sa guga tana cikin rijiya. Mace tana iya yin sa taɓarya tana tashi tana sauka. Wanda bai taɓa riƙe allo ba ma yana iyawa, domin kalmomin gajeru ne, kuma kowa ya ji su tun yana goye.

An ruwaito cewa wani mutum ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya koka cewa ayyukan addini sun yi masa yawa, yana son abu guda da zai riƙe. Annabi ya hore shi da kada ya bar harshensa ya bushe daga ambaton Allah. Wannan hadisi yana cikin littafin Tirmizi.

Akwai kuma labarin Nana Faɗima, ɗiyar Annabi. Niƙa ya sa hannunta ya yi kanta. Ta je neman mai aiki wurin mahaifinta. Annabi ya zo gidanta da dare, ya koya mata ita da mijinta Sayyadina Aliyu wani abu da ya ce ya fi musu mai aiki alheri. In za su kwanta, su yi tasbihi 33, hamdala 33, kabbara 34. Buhari da Muslim duka sun kawo labarin. Duk macen da ta wuni bakin turmi ta san irin gajiyar da Nana Faɗima ta ji. Abin da aka ba ɗiyar Annabi, shi ne aka bar wa kowace mace ta ƙauye.

Akuya da turke

Kowa ya san halin akuya da damana. In aka sake ta, ba ta tsayawa inda aka bar ta. Sai ta shiga gonar maƙwabci, ta ja wa mai ita magana. Shi ya sa ake kafa mata turke, a ɗaure ta da igiya. Tana iya kewayawa, tana iya kiwo, amma igiya tana maido ta.

Haka zuciya take. Ba ta zama wuri guda. Yanzu tana kan bashi, an jima tana kan kishiya, an jima tana kan rumbun wani da ya fi cika. Zikiri shi ne turkenta. Ba ya hana mutum tunanin duniya. Amma duk inda zuciya ta nufa, yana jawo ta ta komo ga Mai ita.

Wurare huɗu ne aka fi ganin amfanin wannan turke.

Na farko: lokacin tsoro

Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da ake kira tsoro. Hadari ya taso ya watse. Shuka ta bushe tana tsaye. Garken da aka tara shekara da shekaru ya ƙare a idon mai shi. Ko a shekara mai kyau, akwai maigidan da yake duban rumbunsa da kaka, ya san ba zai kai shi bazara ba. Irin wannan mutum barci yana gagararsa. Yana kwance, zuciya tana ta lissafi.

Suratur Ra'adi, aya ta 28, ta nuna cewa natsuwar zukata tana cikin ambaton Allah. Yadda abin yake ba ɓoyayye ba ne. Mai tsoro yana jin duk nauyin gidansa a kansa yake shi kaɗai. In ya ce Allahu Akbar da hankalinsa, ya tuna akwai Wanda ya fi yunwa girma, ya fi mai bin bashi girma. In ya ce Alhamdu lillahi, sai ya fara ƙirga abin da ya rage masa: lafiya, ɗiya, irin shuka, jaki ɗaya. Jiki ma yana samun rabonsa. Mai maimaita kalma a hankali, numfashinsa yana daidaita, bugun zuciya yana sauka. Daga nan sai tunani ya dawo. Sai ya iya shirya abin da zai yi: noman rani, ko cin rani, ko sayar da rago tun yana da daraja.

Rumbu bai ƙaru da dami ko ɗaya ba. Amma mai rumbun ya samu kansa, kuma wanda ya samu kansa shi ke samun dabara.

Na biyu: lokacin fushi

Ga misali. Manomi ya yi sammako zuwa gonarsa ta wake. Ya tarar shanu sun kwana ciki. Aikin wata huɗu ya lalace a dare ɗaya. Can gefe ga yaro mai kiwo yana tsaye da sandarsa, yana makyarkyata. Idon manomi ya rufe. Gatari yana kafaɗarsa.

Tsakanin ganin ɓanna da ɗaga hannu akwai ɗan lokaci kaɗan, bai fi numfashi uku ba. A cikin wannan ɗan lokaci ake tsira, a cikinsa ake halaka.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wasu mutum biyu sun yi zage-zage a gaban Annabi, har fuskar ɗaya ta yi ja. Annabi ya ce ya san wata kalma, da mutumin zai faɗe ta, da abin da yake ji ya tafi. Kalmar ita ce neman tsarin Allah daga Shaiɗan, wato A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. A littafin Abu Dawuda kuma an hori mai fushi, in yana tsaye ya zauna, in fushin bai tafi ba ya kwanta.

Manomin da bakinsa ya saba da zikiri, kalmar za ta riga hannunsa fita. Ya ajiye gatari, ya zauna bisa kunya. In ya tashi sai ya ce: "Yaro, kada ka gudu, ba abin da zan yi maka. Ina mahaifinka? Tafi ka kira shi." Daga nan a nemo shaidu, a je wurin mai gari, a kira arɗo ko ruga. A duba ɓanna, a yi mata kuɗi, a biya. In sulhu ya gagara, hukuma tana nan. Wake ya tafi, amma an samu diyya, ba a zubar da jini ba, ba wanda ya kwana gidan kaso.

Wanda bakinsa bai saba ba, a wannan lokaci ba zai tuna komi ba. Ba a koyon iyo ranar da kogi ya kawo. Shi ya sa ake yin zikiri kullum, tun ana zaune lafiya, don a same shi a baki ranar da ake bukata.

Ƙasar nan ta ga abin da fushi yake haifarwa. A kakar 1991, a Toda, cikin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100. Da yawa daga cikinsu mata ne da yara. Ba gonar da ta kai wannan tsada, ba garken da ya kai ta. Da na sani ƙeya ce.

Irin wannan shari'a tsohuwa ce. Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, ta ba da labarin Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu. An kawo musu ƙarar tumakin da suka shiga gona da dare. Malaman tafsiri sun ce Annabi Sulaimanu ya yanke cewa mai gona ya riƙe tumakin yana amfana da su, masu tumaki su gyara gonar. In ta koma yadda take, kowa ya karɓi nasa. An biya mai gona, ba a tsiyata mai kiwo ba.

Na uku: lokacin da ba mai gani

Wannan shi ne babba. A cikin Risala, littafin Ibnu Abi Zaidi na Ƙairawan da ake karantawa a zaurukan malamai, an kawo maganar Sayyadina Umaru. Ma'anarta ita ce: tuna Allah a wurin umurninsa da haninsa ya fi ambatonsa da harshe kawai.

Makiyayi ya zo wucewa da dare. Ga gonar wake kore shar, ga shanu da yunwa, ba kowa a wurin. Hukuma ba ta riga ta faɗi ranar sakin gonaki ba. In ya tuna Allah yana kallo, ya kora garkensa gaba, to ya yi zikirin da ya fi carbi dubu. Annabi da kansa ya yi kiwon tumaki a Makka, kuma ya ce ba annabin da bai yi kiwo ba. Kiwo sana'ar annabawa ce, ba ta dace da cin haram ba.

Manomi ya zo shuka da farkon damana. Ga burtali a gefen gonarsa. Kunya biyar kawai zai ƙara, ba mai ce masa komi. In ya tuna wannan hanyar bisashe ce, hakkin jama'a ne, ya tsaya a iyakarsa, shi ma ya yi zikiri. Sau da yawa ɓannar kaka tun ranar shuka aka shuka ta.

Mai awo a kasuwa yana da tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Carbi yana wuyansa. Sura ta 83 ta Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, da gargaɗin masu tauye awo ta fara. Ranar da ya jefar da tiya ɗaya ya riƙe ɗaya, ranar zikirinsa ya sauka daga baki zuwa zuciya.

Ta nan ake gane zikirin mutum. Ba a tambayar yawan abin da ya ja. A tambayi matarsa, da maƙwabcinsa na gona, da wanda yake binsa bashi. In bakin da ke hailala shi ne ke zagi da annamimanci, to igiya tana nan amma ba a ɗaura ta ga turke ba.

Na huɗu: bayan an yi kuskure

Ɗan Adam ajizi ne. Wani ya riga ya mari ɗan'uwansa. Wani ya riga ya ci amana. Shaiɗan yana son ya ce masa: ka riga ka ɓaci, ci gaba. Istigfari shi ke rufe wannan ƙofa. Suratu Ali Imrana, aya ta 135, ta yabi waɗanda in sun yi laifi suke tuna Allah, su nemi gafara, ba su dogewa a kai. Annabi, wanda aka gafarta masa, yana neman gafara fiye da sau 70 a yini, kamar yadda Buhari ya ruwaito.

Amma akwai sharaɗi. In laifin tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, nadama da dainawa sun isa. In da hakkin wani a ciki, sai an mayar. Wanda ya ci tiya goma ta wani, Astagfirullaha ba ta biya masa. Ya kai hatsin, ya nemi yafewa, sannan ya yi istigfari.

Abin da zikiri ba ya yi

Zikiri ba ya noma gona. An ruwaito a littafin Tirmizi cewa wani ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah. Annabi ya ce masa ya ɗaure ta, sannan ya dogara. Suratul Jumu'a, aya ta 10, ta haɗa abu biyu wuri guda: in an gama salla a watsu neman arziki, kuma a yawaita ambaton Allah. Hausawa ma sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Zikiri ba ya hana zuwa likita. Yaron da zazzaɓi ya kama a wannan lokaci na sauro, a yi masa addu'a a kan hanyar gidan likita, kada a bari ya kwana biyu. Haka babban da baƙin ciki ya danne shi wata da watanni, ba ya barci, ba ya cin abinci, ba ya son mutane. Wannan ciwo ne. Ba ƙarancin imani ba ne. A kai shi a duba shi, zikiri kuma ya ci gaba.

Zikiri ba haja ba ne. Akwai masu yawo ƙauye ƙauye suna cewa suna da wani suna na asiri, in aka ba su rago ko kuɗi za su bayar, mai ja ya yi arziki cikin kwana bakwai. A yi hattara da su. Abin da Annabi ya koya wa ɗiyarsa, a fili ya koyar, kuma kyauta.

Maganar ɗariƙu

A garuruwa da yawa ana jin zikirin jama'a bayan la'asar ko magariba. Ƴan Ƙadiriyya suna bin tafarkin Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, Baƙadire ne. Ƴan Tijjaniyya suna bin Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas ta ƙasar Maroko a 1815. Suna da lazimi safe da maraice: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Suna da wazifa, da zikirin yammacin Juma'a. Akwai kuma malaman da suke ganin a tsaya ga abin da ya zo cikin hadisi kawai, kowa ya yi nasa shi kaɗai.

Wannan saɓani na malamai ne, kuma ya daɗe. Amma dukansu sun haɗu a kan tasbihin bayan salla, da zikirin safe da maraice, da na kwanciya, da istigfari, da salatin Annabi. Abin da aka haɗu a kai ya ishi manomi da makiyayi guzuri. Abin kunya ne a raba masallaci ko a daina gaisawa saboda ambaton Allah, alhali don a sanyaya zukata aka yi shi.

Yadda za a fara

Kada a ɗauki kaya mai yawa rana ɗaya. Aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ga abu biyar masu sauƙi.

Ɗaya. Bayan kowace sallar farilla, kada a zabura. A zauna a yi tasbihi 33, hamdala 33, kabbara 33, a cika 100 da hailala. Bai kai lokacin shan fura ba. Wanda ba shi da carbi ya ƙirga da gaɓoɓin yatsunsa. Annabi da hannunsa yake ƙirgawa.

Biyu. A ce Bismillahi a farkon kowane aiki: shiga gona, kwance dabba, ɗora tukunya, cin tuwo, fara awo. Wanda ya fara awo da sunan Allah zai ji nauyin tauyewa.

Uku. A kan hanyar gona, ko rijiya, ko kasuwa, a yi istigfari da salatin Annabi. Tafiyar ba ta ƙaruwa, lada kuwa tana taruwa.

Huɗu. In fushi ya taso, a nemi tsari, a zauna, a yi shiru. Kada a yanke magana sai numfashi ya dawo daidai.

Biyar. In za a kwanta, a yi abin da aka koya wa Nana Faɗima. Sannan mutum ya tambayi kansa: yau hakkin wa na taɓa?

A nemi sanin ma'anar abin da ake faɗi. Subhanallahi, tsarki ya tabbata ga Allah. Alhamdu lillahi, godiya ta tabbata ga Allah. Allahu Akbar, Allah ne mafi girma. La'ilaha illallahu, babu abin bauta wa da gaskiya sai Allah. Astagfirullaha, ina neman gafarar Allah. Kalmar da aka san ma'anarta ta fi saurin isa zuciya.

Ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci suna da wata dama a nan. Ana samun ƙananan littattafan addu'o'i da fassarar Hausa a kasuwanni da bakin masallatan Juma'a. Wanda ya iya karatu ya karanta wa iyalinsa da dare. Ya rubuta kalmomin nan biyar cikin littafinsa na makaranta, ya koya wa ɗiyansa. Inda ya kakare, ya tambayi limamin garinsu, don a gyara masa lafazi.

Sauran makonni kaɗan a saki gonaki. Kafin ranar, mai gona da mai garke za su haɗu a bakin kunya, da bakin rijiya, da kasuwa. Ubangijinsu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, kalmomin da suke faɗi bayan salla iri ɗaya ne. Allah ya sa kowa ya tuna da su a lokacin da ya fi bukata. Allah ya ba da kaka lafiya, ya sa a ci abin da aka noma cikin kwanciyar hankali.

A wata mai zuwa, in Allah ya yarda, wannan fili zai yi bayani a kan zakkar hatsi: wa ta hau kansa, nawa ake fitarwa, kuma wa ake ba.